Daga Mainz Zuwa Hamburg Bisa Sawun Sunan Müller

Na sauka filin jirgin saman Frankfurt da sanyin safiya a cikin watan Mayu, na kama jirgin ƙasa zuwa Mainz, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Wani ɗan'uwana da ke karatu a can shi ne mai masaukina, kuma ya riga ya gargaɗe ni cewa gidajen haya a Jamus ba a cika sa wa ɗakunansu lamba ba, sunan zuriyar mai ɗaki ake rubutawa a gefen ƙararrawar ƙofa da kuma kan akwatin wasiƙa. Ina tsaye ina laluben sunansa sai na lura cewa a cikin sunaye goma sha biyu da ke jere, biyu Müller ne. Da ma ban san sunan ba sai a bakin masu sharhin ƙwallo, wato Gerd Müller wanda ya ci wa Jamus ta Yamma ƙwallon da ta ba ta Kofin Duniya a 1974, da Thomas Müller wanda ya lashe kyautar takalmin zinare ta masu zura ƙwallo a gasar 2010. Na tambayi ɗan'uwana ko maƙwabtan nan nasa dangin juna ne, ya yi dariya ya ce, "Yaya, ko gaisawa ba su cika yi ba. Nan ƙasar in ka jefa dutse a kasuwa, da wuya bai faɗa kan wani Müller ba."

Maganarsa tana da tushe, domin Müller shi ne sunan zuriyar da ya fi kowane yawa a Jamus, ana ƙiyasta masu ɗauke da shi sun kai wajen mutum 700,000, kuma haka yake kan gaba a Suwizalan. Ma'anarsa ba wani ɓoyayyen abu ba ce: mai niƙa, mutumin da sana'arsa ita ce mai da hatsi gari. Kalmar ta shigo Jamusanci ne daga Latin, inda ake kiran mai wannan sana'a molinarius. A nan Mainz ɗin ma akwai wata cibiyar ilimi da adabi da ke tattara ƙamus na sunayen zuriya a intanet, wanda aka gina bisa jerin masu layin tarho na shekarar 2005, kuma a cikinsa mutum zai iya ganin taswirar da ke nuna inda kowane suna ya fi yawa. Daren farko ban yi barci da wuri ba, ina ta duba taswirar Müller, wadda kusan ba ta bar wani lungu fari ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dalilin wannan yawa, kuma amsar ban same ta sosai ba sai da muka haye kogin Rhine zuwa wani ƙaramin gari mai suna Ginsheim. A can akwai gidan niƙa da ke kan ruwa, wanda aka sake ginawa a 2011 bisa fasalin na da. Jirgin ruwa ne da aka ɗaure a gaɓa, da manyan ƙafafun katako a gefensa, waɗanda a irin na da gudun ruwa ne ke juya su, su kuma su motsa kayan niƙan da ke ciki. Wani dattijo daga cikin masu kula da wurin ya zagaya da mu, ɗan'uwana yana yi mini tafinta. Ya bayyana cewa a zamanin da, talaka ba shi da ikon kai hatsinsa inda ya ga dama, dole ne ya kai gidan niƙan da mai ƙasa ya ayyana, dokar da ba a soke ta a Prussia, ɗaya daga cikin tsofaffin masarautun Jamus, ba sai a 1810. Saboda haka kusan kowane ƙauye yana da mai niƙansa, sau da yawa shi kaɗai ne, gidansa kuma a bayan gari yake bakin rafi. Lokacin da Jamusawa suka fara ɗaukar sunan zuriya, daga wajen ƙarni na 12 a birane har abin ya game karkara bayan wasu ƙarnuka, babu laƙabin da ya fi sauƙin bambanta mutum irin a ce masa mai niƙa. Ƙauyuka dubbai suka haifar da Müller dubbai waɗanda ba su haɗa kaka ba, sai sana'a.

Dattijon bai ɓoye mana cewa sana'ar ba ta da farin jini ba. Ladan niƙa ba kuɗi ba ne, wani kaso ne na hatsin da mai niƙa ke ɗiba da mudunsa, kuma tun da manomi ba ya tsaye a kansa, zargin tauye mudu bai taɓa rabuwa da shi ba, har a wasu garuruwa ƙungiyoyin masu sana'a sukan ƙi karɓar 'ya'yansa koyon aiki. Na yi mamakin yadda sunan da ya taso da irin wannan tabo ya zama shi ne sunan kowa, har Jamusawa in suna so su ce wance, mace gama-gari, sai su ce Lieschen Müller. Sunan ya kai fadar gwamnati ta hannun Hermann Müller, wanda ya sa hannu kan yarjejeniyar Versailles, ta sulhun bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1919 kafin ya zama shugaban gwamnati, ya kuma kai ga kyautar Nobel ta adabi a 2009 ta hannun Herta Müller, haifaffiyar yankin Jamusawan Romaniya.

A hanyarmu ta komawa na riƙa tunanin gida. Mu ma muna kiran mutum da sana'arsa, Maƙeri, Mahauci, Wanzami, Madugu, amma ba mu da zuriyar da ake kira Mai niƙa, kuma a ganina dalilin a fili yake. A ƙasar Hausa surfe da daka da niƙa aikin cikin gida ne, na turmi da dutsen niƙa a hannun mata, bai zama sana'ar namiji ta bakin titi ba sai da injin niƙa ya zo, a lokacin kuwa mun riga mun saba amsa sunan uba ko na gari.

Bayan kwana huɗu na kama jirgin da ke bin gaɓar Rhine ta Koblenz zuwa Kolon. A wannan birni sunan da ya fi ɗaukar idona a kan shaguna da ƙofofi shi ne Schmitz, alhali a Mainz Schmitt na riƙa gani. Dukansu maƙeri suke nufi, tare da Schmidt da Schmid, kuma masana sunaye sun ce da za a haɗa waɗannan rubuce-rubucen wuri ɗaya da maƙera sun rinjayi masu niƙa. Wato sarautar Müller ta samu ne saboda rubutunsa bai rarrabu da yawa ba. A bayan waɗannan biyun akwai Schneider tela, da Fischer masunci, da Weber masaƙi, da Becker mai gasa burodi, har mutum ya ji kamar layukan kasuwa yake karantawa.

Duk da haka shi ma Müller bai tsira gaba ɗaya ba, kuma wannan na gani da idona a zangona na ƙarshe. Tun kafin mu shiga Hamburg na fara ganin Möller a jikin motocin masu sana'a, da na shiga gari kuma sai ya ƙara yawaita. Wannan shi ne lafazin arewa, na karin harshen da ake kira Plattdeutsch, yayin da a wasu sassan kudu, musamman Bavaria da maƙwabtanta, akan sami Miller. Akwai kuma waɗanda aka ƙara musu bayani domin rarrabe gidajen niƙa biyu a gari ɗaya, kamar Obermüller mai niƙan sama da Neumüller sabon mai niƙa. A da malamin coci yakan rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, har sai da aka kafa ofisoshin rajistar haihuwa da aure na gwamnati a duk faɗin ƙasar daga 1876, sannan kowane gida ya tsaya kan rubutun da ya tsinci kansa da shi.

A masaukin da na kwana a Hamburg, matar da ke karɓar baƙi tana ɗauke da sunan Möller a ƙirjinta. Na kira ta Müller bisa sabon baki, ta gyara mini cikin ladabi, ta maimaita sunan sau biyu tana nuna mini yadda ake zagaye leɓe. Na gwada har sau uku ban dace ba, sai ta yi murmushi ta miƙo mini makullin ɗakina, ta ce a takardar jirgi ma Moeller ake rubuta mata, domin na'urar ba ta san ɗigo biyun da ke kan wasalin ba.