Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Rigimar Injin Motar Baba

Jama'a barkanmu da wannan mako. Wancan karon na tsaya ne a inda muka ja motar marigayi Baba da tarakta daga bayan gida zuwa unguwar makanikai ta Gadarif, nan Sudan, kaji suna ta bin mu da kuka don sun fi shekara takwas suna ƙwai a cikinta.

Land Cruiser ce FJ45 mai buɗaɗɗen baya ƙirar 1978, irin wadda Toyota ta daina yi a 1984 ta kawo wadda mutanen nan ke kira Tatsha. Injinta 2F, silinda shida, lita 4.2, mai kafireta, ƙarfi kam akwai amma shan fetur sai ka ce an huda tankin. Kuma fa a 2018 ne ake wannan magana, lokacin da mutum ke kwana a layin gidan mai ya tashi babu ko galan. Jaz, wato man dizal, ma wahala yake, to amma mu manoma dama muna ajiye shi a duro saboda tarakta. Shi ne Usta, wato makanikin, ya leƙa bonet ya goge hannu a jallabiya yace ya walad, wato kai yaro, ka nemo injin jaz 1HZ kawai, shi ma silinda shida ne lita 4.2, ba turbo ba kwamfuta, duk ƙauyen da ta mutu maka akwai mai iya taɓa ta.

Da labari ya kai kunnen Baffa, ranar ban ci tuwon dare da daɗi ba. Ya kira ni zaure yace kai yanzu in ka cire injin me ya rage na ɗan'uwana, gwangwani? Nace Baffa ku yi haƙuri, ba wulaƙanta ta zan yi ba, so nake ta koma gona. Yace shi da kunnensa yana gane kukan injin nan tun daga bakin unguwa, in ya ji ya san yayansa ya dawo. Nan bakina ya mutu, me zan ce? Inna ce daga bayan labule tace Malam ai shi mai motar da bakinsa ya sha faɗa min, da ridi zai yi kuɗi shekara biyu a jere da tuni ya mai da ita jaz. Baffa ya yi shiru can yace to, amma kar a sayar da tsohon. Har yau yana zaurensa an rufe shi da buhu.

Aikin ya ci wata uku. An yanke ƙafafun inji an sake walda, an sa giyabos mai giya biyar maimakon huɗu, lagireto, babban batir, waya duk sabuwa don ɓeraye sun gama da tsohuwar. Wautar da na yi, tun kafin a ɗaga bodi na je na sayo fenti, ina ta zumuɗin kala, ashe tsatsa ta cinye shasi daidai inda sifirin baya ke kamawa, Usta ya soka sukundireba ta wuce kamar a danwake. Laka ce ta jawo, wannan baƙar ƙasar tamu da in damina ta sauka take maƙalewa a lungun ƙarfe ta riƙe danshi. Kuɗin taya suka tafi walda.

An sa mata fawa a sitiyari don ƙirjina ba na Baba ba ne, amma kan sitiyarin na hana a canza, akwai inda babban yatsansa ya goge har ya yi santsi yana ƙyalli.

Ranar da aka tada ta baƙin hayaƙi ya cika garejin, yara suna ihu, na shiga na ɗan ja ta zuwa bakin titi na taka birki ƙafata ta tafi har ƙasa, ga mai shayi a gabana da tukunyarsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.