Wasiƙa daga Ingila ga masu tambayata kan digirin digirgir

Assalamu alaikum 'yan uwa, da fatan kowa yana lafiya. Ku yi haƙuri da gajeruwar gaisuwa, tambayoyinku ne suka taru, kuma kusan duk iri ɗaya: yaya ake samun gurbi, yaya sanyi, ana zuwa da iyali, karatun da wuya? Zan taɓa su gwargwadon hali, amma bari in fara da takardu, domin su ke fara gajiyar da mutum tun bai ga ƙofar jami'a ba.

In fanninka kimiyya ne ko injiniyanci, mai yiwuwa sai ka nemi takardar ATAS, inda gwamnati ke duba ko bincikenka zai iya amfanar masu ƙera makamai. Jami'o'i da yawa ba sa ba da lambar CAS, wato shaidar cewa sun ba ka gurbi, sai ATAS ta fito, kuma in babu CAS babu biza. Ga gwajin tarin fuka a asibitin da hukumomin Birtaniya suka amince da shi kaɗai. Ga kuɗin zama, waɗanda dole su kwana 28 a jere a asusunka ba tare da sun yi ƙasa da adadin da aka ƙayyade ba, sai fa in wata hukuma ce ta ɗauki nauyinka. Abin haushin, kowace takarda da wa'adinta. ATAS wata 6, gwajin tarin fuka wata 6, CAS ma haka, bayanin banki kuwa kada ya haura kwana 31 a ranar da ka nemi biza. Ka yi hanzarin kammala ɗaya, ta mutu kana zaman jiran 'yar uwarta, kamar mai kiwon awaki huɗu da igiya ɗaya. Bayan ka iso ma ba ka tsira ba: in alƙiblar binciken ta sauya sosai, sai ka sake neman ATAS. In kuma aikinka na hira da mutane ne, ba ka da ikon yi wa kowa tambaya ko guda sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu. Wanda zai zo, ya rubuta ranar mutuwar kowace takarda a wuri ɗaya kafin ya biya kuɗin komai.

Karatun kansa ba irin wanda muka saba ba ne. A Amurka ana fara shekara biyu ko makamancin haka ana shiga aji, shi ya sa nasu ke kai shekara biyar zuwa shida. A nan shekara uku zuwa huɗu ne, kuma yawanci babu aji. Tebur za a nuna maka, a haɗa ka da malamin da zai duba aikinka, shi ke nan. Wajen ƙarshen shekarar farko za a zaunar da kai a tantance ko aikin ya isa a ci gaba da shi. Tsakanin nan da can babu mai bin ka da bulala, kuma wannan 'yancin ne ke cinye mutane. Mun taso ba a musu da malami. A nan kuwa in ka riƙa cewa "to" ga duk abin da ya faɗa, sai ya ɗauka ba ka da abin cewa. Shi ma sukarsa a lulluɓe take zuwa, cikin murmushi, har ka fito kana murna alhali babin gaba ɗaya ya rushe maka. Don haka bayan kowace ganawa ka rubuta abin da kuka tsayar ka aika masa, ya tabbatar.

Masu tambayata wace jami'a ce ta fi suna, ni dai ra'ayina ku fara tambayar wane malami. Ku nemi ɗaliban da suka gama a hannunsa ku ji ko yana amsa saƙo, ko yana karanta babi a kan lokaci. Da shi za ku zauna shekaru, har ranar jarrabawar baka, inda malamai biyu, ɗaya na gida ɗaya daga wata jami'ar, za su rufe ƙofa su bi kundin da kan kai kalma 80,000 shafi-shafi. Yawancin mutane da gyara ake sallamarsu, ƙaramin gyara kamar wata uku.

Maganar iyali: tun Janairun 2024 an hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da su, amma mai digirin bincike yana da dama. Aikin neman kuɗi kuma iyakarsa awa 20 ne a mako, kada ku gina lissafinku a kansa. Sanyi riga ce maganinsa. Duhun ne ban saba da shi ba har yanzu, don a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Batun haya da neman tallafin karatu sai a wasiƙa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Wassalam.