Tantin Sarakunan Turkiyya: Fada Mai Tafiya Kan Raƙumi

Duk wanda ya tsaya a cikin tantin Turkawan nan da ke gidan tarihi na Dresden a Jamus, zai san ɗinki ilimi ne. Tsawonsa mita 20, faɗi mita 8, tsayi mita 6, ginshiƙai uku ne suka ɗauke shi.

Riɓi biyu ake yi wa irinsa. Na waje yadi ne mai kauri, galibi kore, shi ke shan rana da ruwa. Adon yana ciki: jan ƙyalle a matsayin shimfiɗa, a yanko alharini da fata mai ruwan zinariya a siffar furanni, a ɗora, a bi gefensu da allura ɗaya bayan ɗaya. Kowane fallen bango an ɗinka masa siffar ginshiƙai biyu da baka a sama, kamar kana cikin soro.

Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ido ba ya gani. Ana ɗinka ɗamara mai ƙarfi a bayan yadin, ita ke ɗaukar jan igiya. Inda kan ginshiƙi ke hudawa kuwa sai an naɗe da fata, in ba haka ba iska ɗaya ta isa ta keta rufin. Naɗe tantin da danshi ma ɓarna ce, funfuna ke cinye zaren.

Sarki tanti biyu yake fita yaƙi da su. Yana kwana a ɗaya, ma'aikata sun yi gaba da ɗayan suna kafawa a zango na gaba. Da yawa daga waɗanda suka rage a Turai ganimar yaƙe-yaƙe ce, musamman na Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1683.