Hauzin da ban yi ba ya mayar da gida cikin gado

Dattijon 'ya'ya biyu gare shi, duka mata kuma duka a ɗakin mazajensu, sai matarsa ɗaya da ƙanne uku shaƙiƙai. Ya san lissafinsa tun kafin ya zauna a ofishina: asalin rabon 24 ne, mai ɗakinsa ta ɗauki tumuninta 3, yaran su raba 16, ragowar 5 na 'yan'uwansa. Bai ja da wannan ba. Abin da yake so shi ne gidan da yake ciki, mai shaguna huɗu a gaba, ya zama na yaran tun yana raye, don kada a kai shi kasuwa ranar rabo. Wasiyya ba ta taso ba, tunda ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun amince. Na ce masa, "Baba, kyauta za mu yi." Ya ce, "To Barista, na bar maka."

Na tsara takardar kyauta, ya sa hannu gaban shaidu biyu, aka biya kuɗin hatimi, na shigar da neman izinin gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya tanada. Duk hankalina ya tafi kan fayil ɗin nan. Wata tara ina binsa tebur zuwa tebur, kuma a cikin watannin ban taɓa tambayar wa ke karɓar kuɗin hayar shagunan ba. Kafin izinin ya fito ya kwanta ciwon da bai tashi ba.

A Babbar Kotun Shari'a lauyan ƙannen bai ko taɓa takardata ba. Tambaya uku ya yi: wa ke kwana a turakar gidan har ranar rasuwa? Sunan wa ke kan rasit ɗin 'yan haya? Wa ya ga an miƙa makulli da idonsa? Amsar biyun farko marigayin ne, ta ukun babu kowa.

A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, kyauta tana ƙulluwa da furuci amma ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa. In mai kyauta ya mutu, ko ya shiga cutar ajali, ko ya haukace har ya mutu a haka, ko bashi ya cinye dukiyarsa kafin a yi hauzi, kyautar ta ɓaci. Yana nan a littattafan fiƙihun mazhabar, Risala da Muhtasar, na kuma karance shi tun ina ɗalibi. Abin da ya rufe min ido shi ne na ɗauki aikin a matsayin harkar filaye, alhali sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa maganar kyauta, wasiyya, waƙafi da gadon Musulmi a hannun Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Gida ya koma cikin dukiyar gado. Yaran ba su da kuɗin fansar kason baffanninsu, sai da aka yanke shaguna biyu aka sayar.

Shagunan su ne abin da har yau ke ci min rai. Fitar da dattijo daga turakarsa abu ne mai wuya, na yarda. Amma shaguna? Wasiƙa ɗaya ga kowane ɗan haya, sabuwar yarjejeniyar haya da sunan yaran, kuɗi na shiga asusunsu, da aƙalla muna da ƙafar tsayawa a kansu. Aikin yini ɗaya ne.

Yanzu ba na barin kowa ya sa hannu a takardar kyauta sai mun tsayar da ranar hauzi. Ranar, mai kyauta zai kwashe kayansa ya fita, shaidu biyu adilai waɗanda ba su da rabo a gadon su zagaya gidan su ga babu shi a ciki, a miƙa makullai a gabansu, a rubuta takarda ta biyu dabam mai cewa sun gani da ido. Iƙirarin mai kyauta cewa "na riga na ba su" ba ya wadatarwa, ganin shaidu ake nema. In 'yar tana aure a wani gari, ta naɗa wakili a rubuce ya karɓar mata. In akwai 'yar alamar jinya, ina neman takardar likita ta makon, domin kyautar mai cutar ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ga magaji kuwa ka ga an koma gidan jiya. Sannan ina gaya wa uban ƙarara kada ya koma gidan kafin shekara ta cika, ko da haya ko aro, domin komawa da wuri na rushe hauzin.

Mutane kan kafa hujja da cewa uba na yi wa ƙaramin ɗansa hauzi. Gaskiya ne, amma ban da gidan da shi kansa yake zaune a ciki, sai ya fita daga mafi yawansa. Wanda kuma ke tsoron ya bayar ya rasa matsuguni, ina tuna masa uba na da damar janye kyautar da ya yi wa ɗansa, matuƙar ɗan bai yi aure ko cin bashi ta dalilinta ba, abin bai sauya ba, kuma ciwo bai kama ɗayansu ba.

Abin da ya sa na ga dole in rubuta wannan shi ne yayin da ake yi yanzu na asusun amanar iyali, wato mutum ya danƙa dukiyarsa ga amintacce ya riƙe wa iyalinsa. Kamfanonin riƙon amana masu rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari suna tallarsa ga attajiranmu a matsayin hanyar tsallake wahalar karɓar takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma tsarin yana da amfaninsa. Sai dai takardu uku da aka kawo min in duba a bana, duka sun bar wa mai dukiyar ikon cin amfaninta har mutuwa, da sauya masu cin gajiya, da soke amanar duk ranar da ya so. Wannan dukiya ba ta bar hannunsa ba. Ranar da wani magaji ya kai ƙara, a ganina tambayoyi ukun nan za a sake yi, kuma abin da bai fara aiki ba sai bayan mutuwa sunansa wasiyya: sulusi ne iyakarsa, kuma ban da magaji. Ɗaya daga cikin ukun na mayar wa mai ita ban sa hannu ba, na ce sai an mayar da sunan kadarorin ga amintaccen, haya ta fara shiga asusun amanar, sannan mu sake zama.