Wasiƙa zuwa ga iyalan waɗanda aka sa wa raga a jijiyar zuciya

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwanmu na Garwa, Marwa, Ngaundere da Kuseri, har da na ƙetaren gada a Injamena. Muna gaishe ku da gida, da fatan kuna lafiya.

Mu 'ya'yanku ne masu aikin likita da jinya a sassan ciwon zuciya a Faransa. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda iyali ke sayar da shanu da gona su kai dattijo Duwala ko asibitin zuciya na Shisong ko ƙasar waje a buɗe masa jijiyar zuciya, aiki ya yi kyau, sai a yi asararsa bayan wata biyu a gida saboda an bar ƙwayar magani guda.

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya faɗinsu bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba. Idan kitse ya ƙuntata ɗaya, likita yakan zura siririn bututu ta wuyan hannu ko ta matsematsi, ya zuba ruwan da ke fito da jijiyar a hoto, ya hura balan-balan a wurin, ya bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare. Sau da yawa awa ɗaya ta isa. To amma jini yana ɗaukar ragar nan a matsayin baƙuwa, yana neman daskarewa a kanta har sai fatar cikin jijiya ta lulluɓe ta, wannan kuwa sai an yi watanni. Shi ya sa ake haɗa magani biyu: aspirin miligiram 75 zuwa 100 kullum, da clopidogrel 75 sau ɗaya a rana, ko ticagrelor 90 safe da yamma. Wanda ya yi bugun zuciya yakan sha biyun wata 12, wanda aka yi wa aikin ba cikin gaggawa ba wata 6, sannan ɗaya ya ci gaba har ƙarshen rai. Likitan zuciya kaɗai ke rage wannan wa'adi. In an tsayar da wuri, ragar na iya toshewa farat ɗaya, kuma wannan toshewar tana iya fin ta farko muni.

Don Allah kada ku baro asibitin sai da takarda mai ɗauke da ranar aikin, sunan jijiyar, yawan raga da girmanta, da ranar da aka yarda a daina magani na biyu. Ku ɗauki hotonta a waya. Ku sayi maganin wata uku kafin ku hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, kuma ku nemi wani tun saura na sati biyu. Mai cire haƙori ko wanzami mai ƙaho bai da hurumin cewa a ajiye maganin.

Jini zai riƙa saurin zuba, wannan sananne ne. Ɗan shaci a fata ko jinin dasashi ba dalilin tsayawa ba ne. Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, waɗannan sai asibiti a ranar. Daga cikin abin da ke ƙara jawo su akwai diclofenac da ibuprofen na masu talla a tire. Ga ciwon jiki, paracetamol ya wadatar. Don kare ciki a nemi pantoprazole, domin omeprazole yana rage ƙarfin clopidogrel.

Ruwan hoton nan yana wahalar da ƙoda, balle ga mai ciwon sukari ko tsoho. A auna creatinine, wato gwajin jini na lafiyar ƙoda, kafin aiki, a sake bayan kwana 2 ko 3, a sha ruwa sosai, musamman a zafin Maris da Afrilu na Marwa da Kuseri. Mai shan metformin, maganin ciwon sukari, da ƙodarsa ta yi rauni yakan dakata awa 48. Azumi kuwa, wanda aikinsa bai daɗe ba ya tambayi likita tukuna, addini ya yi masa rangwame. In an yarda, ƙwayoyin su koma sahur da buɗa-baki, ba a tsallake ko ɗaya.

Ga abokan aikinmu na asibitocin gunduma: duk wanda ya shigo da nauyi a ƙirji, gumi, ko ciwo mai gangarawa hannun hagu ko muƙamuƙi, a yi masa ECG, wato awon zuciya da na'ura ke zanawa a takarda, cikin minti 10, kada a sallame shi da maganin gyambon ciki. In ba ya zubar jini, ya tauna aspirin miligiram 150 zuwa 300. In takardar ECG ɗin ta nuna cikakkiyar toshewa, kuma ba zai kai inda ake sa raga cikin minti 120 ba, wanda a arewa haka abin yake kusan kullum, maganin narkar da gudan jini shi ne mafita matuƙar ciwon bai wuce awa 12 ba: streptokinase yunit miliyan 1.5 ta jijiya cikin minti 30 zuwa 60, bayan an tabbatar babu shanyewar jiki ta kusa ko tiyata ko zubar jini. Wanda ya dawo da raga kuma, a duba wurin hudar ko ya kumbura, a riƙe shi a kan atorvastatin, maganin rage kitsen jini, miligiram 40 zuwa 80, a auna mugun kitsen jini bayan sati 6, ana neman ya sauka ƙasa da giram 0.55 a lita. Taba da shisha a bar su gaba ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ku gaida mutanen gida.

Naku,
'ya'yanku ma'aikatan lafiya a Faransa