Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwa Ba Ya Manta Hanyarsa

A makon jiya na tsaya a inda katafila ta shiga tsohuwar unguwa, na kuma yi alkawarin yau zan kawo shekarun da na yi ina koyon ɗaurin rodi. Ku yi mini haƙuri, wannan sai wani jiƙon. Tun da na ajiye alƙalami maganar Baffa ta hana ni sakat. Duk wanda ya zauna da shi, Allah ya jiƙansa, ya san ta: ruwa ba ya manta hanyarsa. Sama da shekara arba'in ina cikin harkar gini, ban ga rusau ko sabon ginin da ya ƙaryata shi ba.

Rushe abin da ke sama ba wuya. Cikin 'yan kwanaki an kwashe layi guda, an baje fili, ya yi sumul kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Amma na ƙasa yana nan daram. Tsohuwar unguwa cike take da ramuka: rijiyar kowane gida, masai na yanzu da wanda aka rufe tun zamanin kakanni, kududdufin da aka yi shekaru ana cike shi da shara har aka yi gini a kai, da kwarin da ruwan sama yake bi tun kafin a haifi mai zanen. Da zarar an baje, babu mai iya nuna maka su. Shi ya sa aikin farko ba na katafila ba ne. Kafin a taɓa ko bango ɗaya, a samu dattawan layin a zaga da su gida gida, a kafa turke a kan kowace rijiya da kowane masai, a auna nisansa daga abin da ba zai gushe ba, a rubuta a takarda. Aikin yini biyu ne ko uku. Wannan na faɗa wa ɗan kwangilar nan da ba zan kama sunansa ba, ya dube ni a gaban yarana ya ce ni birkila ne, in tsaya a kan bulona. Na tsaya. Amma bari in gama bayanin.

Tsohuwar rijiya ba a cike ta da ɓaraguzan rusau. Ɓaraguzai suna barin kogo a tsakaninsu, katako da tsumma suna ruɓewa, bayan damina biyu ko uku sai cikon ya zauna. Ana kwashe ƙazantar da ke ciki, a zuba yashi mai tsabta da tsakuwa kaɗan kaɗan ana dannewa, ko a zuba kankare mara ƙarfi, sannan a rufe bakin da murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin rijiyar ta kowane gefe. Duk da haka ba a dasa ginshiƙi a kanta. In zane ya faɗa daidai wurin, sai a koma wa injiniya ya matsar da ginshiƙin ko ya tsallake ramin da bim, wato gadar kankare mai rodi da ake kwantarwa ta ɗauki nauyi. Masai ma haka, sai dai shi dole a yashe shi tukuna.

Ciko kuwa, a nan ake yawan cin amana. Tifa ta zo ta juye jar ƙasa tsayin mutum, a baje, a bi ta kai da mota sau biyu, a ce an danne. Saman ya yi tauri, ƙasan kamar gari. Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa kamar inci 6, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula ƙasar a hannu za ta kama ba tare da ta ɗiga ba, a bi da injin dannewa, sannan a ƙara wani inci 6. Haka har a kai inda ake so. Yana cin lokaci, shi ya sa masu gaggawa ba sa son sa. Idan kuma wurin tsohon kududdufi ne, ciko kaɗai ba ya magani. Ƙarƙashinsa akwai taɓo da ruɓaɓɓiyar shara mai zurfi, kuma ruwan da ya saba taruwa a nan zai ci gaba da zuwa, ko ta sama ko ta ƙasa. Sai an yi gwajin ƙasa: a huda rami da inji a wurare da dama, a ciro samfurin kowane mataki, a ga inda ƙasa mai ƙarfi take da inda ruwa ya tsaya. Sakamakon ne zai nuna irin fandishon da ya dace, ko na gindin ginshiƙi ɗaya ɗaya, ko na shimfiɗa wanda ake zuba kankare mai rodi a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, ko kuma a kafa turakun kankare su wuce taɓon su taka ƙasa mai ƙarfi. Injiniyan kirki shi da kansa zai nemi gwajin nan. Wanda ke hana shi kullum mai riƙe da jakar kuɗi ne.

Lokacin da ginin Rana Plaza ya rufta a Bangladesh, ranar 24 ga Afrilu 2013, mutum sama da 1,100 suka rasu. Da bincike ya fito, aka ce wani ɓangaren ginin a kan cikakken kududdufi yake, an ƙara masa hawa fiye da abin da aka amince, an kuma ɗora manyan injinan wuta a sama. Kwana ɗaya kafin ya faɗi an ga tsagewa a jikinsa, aka mayar da ma'aikata ciki. Da na ji bayanin a rediyo Baffa kawai na tuna, alhali ya daɗe a kabari. Shi bai san ana kiran wani abu gwajin ƙasa ba. Da sanda yake soka ƙasa, ya duba irin ciyawar da ta fito a wurin, ya tambayi tsofaffi inda ruwa ke kwana.

Na yi gaba da yawa. In koma kan unguwar.

Ba kowane gida ake rushewa ba in ana sabunta unguwa, kuma waɗanda aka bari su ne suke shan wahalar da ba a rubuta ta a cikin diyya. Sabon titi ana yi masa ciko, a ɗora dakakken dutse, a ɗora kwalta, sai ya tashi sama da dokin ƙofar tsofaffin gidaje. Sababbin benaye su ma kowa ya ɗaga nasa, ya malale harabarsa da siminti. Ƙasar da a da take shanye ruwa yanzu an rufe ta, duk abin da ya sauko daga sama sai ya gudu, kuma inda ya fi gangare zai nufa, wato ɗakin talakan da bai samu kuɗin ɗaga gidansa ba. Magudana daga ƙarshe ake fara ta. A fara gano inda ruwan zai fita, rafi ne ko babban lambatu, a ɗauki lebur, wato awon tudu da gangare, daga can a hauro. Gangaren da bai gaza santimita 1 a kowace mita ba yana tafiyar da ruwa a ƙaramar kwata, kuma faɗinta ya riƙa ƙaruwa yayin da take karɓar ruwan wasu layuka. Abin da na fi gani shi ne akasin haka: a gina kwata mai kyau a gaban sababbin gidaje don ido, ta je ta ƙare a bayan gidan wani. Kwalbati kuma a sa ƙarami, leda da yashi su toshe shi a ruwan farko. Wanda zai yi sabon gini a irin wannan wuri, daɓensa ya haura saman titi da aƙalla ƙafa ɗaya da rabi, ya kuma shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashin daɓen saboda danshi. Amma ya sani ruwan da ya kora daga gidansa bai ɓace ba, gidan maƙwabci ya tafi, don haka ya haɗa nasa da magudana.

Haƙa kusa da bangon maƙwabci ma haka. Tsohon gida fandishonsa ba zurfi. In ka yi rami a jikinsa wanda ya fi nasa zurfi, ka janye ƙasar da take tallafe da shi. Ba a buɗe tsawon bangon gaba ɗaya. Ana haƙa kamar mita ɗaya, a tsallake biyu ko uku, a zuba kankare a wanda aka buɗe, ya kama, sannan a dawo kan na tsakiya. A tokare gefen ramin da katako, kuma kada a bari ruwan sama ya kwana a ciki. Wanda ya ce in tsaya a kan bulona, ramin nan a buɗe ya bar shi da damina. Ba zan ƙara komai a kai ba, mutanen layin suna da rai.

Kankare shi ne abin da nake alfahari da shi, don ban taɓa bari an yi mini wasa da awo ba. Haɗin da aka saba na ƙaramin gini ɗaya, biyu, huɗu ne. Buhun siminti mai kilo 50 kwano biyu ne, don haka yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ruwa kamar lita 25 a buhu, a rage in yashin jiƙaƙƙe ne. Lebura yana son ruwa da yawa don shebur ya yi sauƙi, amma duk ruwan da ya wuce kima in ya bushe ƙananan kofofi yake bari, ƙarfi ya ragu. Yashi ka dunƙula, in ya ɓata maka tafi da laka, a mayar. Rodi kada ya kwanta a ƙasa ko ya jingina da katako. A sa masa biskit, wato 'yan guntayen kankare, ya ɗaga, kamar santimita 5 a fandisho, biyu da rabi a dakin, wato rufin kankare na bene, in ba haka ba danshi zai kai gare shi, ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Inda rodi biyu suka haɗu su haɗe da tsawon da ya kai kaurin rodin sau 50, wato mai milimita 12 ya samu santimita 60. Bayan zubi a yi ta ba shi ruwa kwana 7 aƙalla, kuma cikakken ƙarfinsa sai kwana 28 ake lissafa shi. Katakon gefen ginshiƙi ana iya cirewa bayan kwana ɗaya ko biyu, amma tokaran ƙarƙashin dakin da bim su kai sati uku, musamman in za a ɗora bulo a sama. Masu haya katako su ke matsa lamba a cire da wuri a kai wani aikin.

Yanzu jikokin mutanen layin nan suna zuwa su nuna mini bangonsu. Siririyar tsagewa a filasta ba abin tsoro ba ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace kamar matakala, tana bin layin bulo daga kusurwar taga ko ƙofa, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ƙofar ɗaki kuma ta fara ƙin rufuwa. Nakan ce su ja layi da fensir a ƙarshenta su rubuta kwanan wata, su liƙa ɗan siminti a kan tsagewar, su dawo bayan sati biyu. In simintin ya tsage ko ta wuce layin, ginin yana tafiya, a fitar da iyali a kira injiniya, kada a shafe ta da filasta. Sau da yawa in na tambayi tsohuwar gidan me ke wurin a da, sai ta ce rijiya ce, ko nan ruwa yake bi.

Maganar ɗaurin rodi da yadda Baffa ya miƙa ni hannun Kawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.