Na kai sandar fatsar Turawa fadamar Haɗejiya

Tun watan Nuwamba nayi tafiyar nan amma sai yanzu Allah ya bani ikon zama in rubuta. Asalin abin daga ɗan kawuna ne da yayi karatu a Sikotilan, da zai dawo sai ya taho min da tsarabar wata sandar fatsa doguwa siririya mai gaɓa huɗu a cikin kwaroronta, don ya sani tun muna yara a ƙauyenmu can wajen Karaye in aka neme ni aka rasa toh a duba bakin dam ɗin Challawa, ina can da gwangwanin tana.

Ita wannan fatsar daban take da tamu. Ba a sa mata tana, ba a ɗaura mata dalma, zaren ne da kansa yake da nauyi, shi zaka ringa kaɗawa a sama gaba da baya har ya miƙe sannan ka sake shi ya kwanta a kan ruwa a hankali. A bakinsa akwai wani siririn zare kamar na roba wanda kifi baya gani, sai ƙugiya 'yar ƙarama da aka naɗe da gashin tsuntsu da zare har ta zama kamar ƙwaro. Kifin da suka fi nema da ita sunansa tirawut, kifin ruwan sanyi ne, da zarar zafin ruwa ya haura digiri 20 ya fara galabaita, shi yasa bamu dashi a nan. Ko a Kenya da ake samunsa Turawan Ingila ne suka kai ƙwansa a 1905 suka zuba a rafukan kan duwatsu masu sanyi. Ɗan kawun nawa yace sau ɗaya ya taɓa zuwa, a kogin Tuwid can Sikotilan, kuma ba haka kawai zaka je ka jefa ba, sai ka yanki takardar izini, sannan akwai lokacinsa daga 15 ga Maris zuwa 6 ga Oktoba, bayan nan an rufe sai kifi ya hayayyafa. Ga kuma ɗan jagora da suke kira gili, wanda ya san kowane dutse da kowane gurbi a kogin, biyansa ake yi ya tsaya a bayanka yana cewa jefa can, dakata, ɗaga. Wannan maganar ta gili ita ta tsaya min a rai.

Na gwada sandar a dam ɗinmu kusan sau biyar ban samu komai ba, ruwan yayi zurfi yayi faɗi. Sai wani abokina da yake koyarwa a wata firamare a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma yace in bari ruwa ya fara janyewa bayan damina in zo, akwai wani dattijo masunci maƙocinsu da zai fita dani.

Na kwana a Kano, ana idar da sallar asuba na nufi tashar Yankaba na samu Sharon mai zuwa Haɗejiya saura mutum biyu. Kwaroron sandar na riƙe shi a tsakanin ƙafafuna don ban yarda a sa shi a but ba. Gezawa, Ringim, Taura, Gujungu, ko'ina ana ta yankan dawa, ga riɗi an jingina shi tsibi tsibi a gonaki yana shan iska, hazo ya fara sauka kaɗan kaɗan. Wajen ƙarfe goma da rabi muka shiga Haɗejiya. Abokina yana jirana, yace kafin mu wuce sai na ga kasuwar kifi, kuma gaskiya na gode masa. Tun daga nesa ƙamshin banda zai tare ka, tarwaɗa an lanƙwashe ta an soke da tsinke tayi baƙi tana ƙyalli, ana jera ta a kwalaye ana ɗaurewa da igiya ana lodawa a motocin da zasu yi kudu. Daga nan muka hau babur, tun muna kan kwalta har muka sauka kan burji, daga baya ma sai yashi da gefen gonakin shinkafa, sau biyu muna sauka mu tura.

Da la'asar muka isa. Sai da muka fara zuwa gaida mai gari, sannan aka raka mu wajen sarkin ruwa aka gaya masa baƙo ne yazo yana so ya shiga ruwa gobe, yayi addu'a yace Allah ya fito damu lafiya. Daga nan sai gidan Baba, dattijon masuncin. Mun same shi a ƙofar gida a kan tabarma yana ɗinkin kalli, ya maƙale bakin ragar a babban yatsan ƙafarsa, ga goruna manya guda biyu a kife a gefe, ga mali an jera su jikin danga.

Na durƙusa nace Baba sannunku da aiki, mun same ku lafiya?

Yace lafiya lau ɗan nan, kai ne mai fatsar da ba a sa mata abinci? Ɗauko mu gani.

Na haɗa masa sandar gaɓa gaɓa. Ya karɓa ya auna ta a tafin hannu, ya lanƙwasa kanta a hankali ya saki, ya ja zaren ya murza shi tsakanin yatsu. Sai na buɗe masa ɗan akwatin ƙwarin da aka haɗo min dasu, guda goma sha biyu. Wallahi ya fi minti goma yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa a hasken yamma, baice komai ba. Can sai yace wanda ya ɗaura waɗannan ya san aikinsa, amma ƙwarin garinsu ya ɗaura. Yace yanzu kaka ce, abin da yake faɗawa ruwa a nan fara ce, ƙanana masu ruwan ƙasa da suke tashi daga shinkafa in ana yanka, ita kifin kawara yake jira. Ya kira jikansa yace jeka bayan gida wajen da zabi suke kwana ka tsinto min gashi.

Daren nan bayan mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka da kifi, muka zauna mu uku da tocilan, sauro kuwa ba a magana. Yaron ya riƙe fitila, ni na riƙe ƙugiya da 'yar filaya, Baba yana naɗi da zaren ɗinki da aka karɓo wajen matarsa. Ya samo ɓawon karan dawa ya fere cikinsa, wannan farin mai taushi, ya yanka ɗan guntu yace shi zai hana ta nutsewa, ya kwantar da gashin zabuwa biyu a bayanta kamar fiffike, ya bar wasu silli biyu suna leƙowa kamar ƙafafu. Guda huɗu muka yi. Da na gaya masa ai su ma Turawan suna amfani da gashin zabuwa a nasu sai yayi murmushi yace toh ashe zabuwa ta yi nisa.

Da sassafe muka shiga kwale-kwale, sanyi yana ratsa riga, ruwa yana hayaƙi. Baba yana baya a tsaye da doguwar gwangwala yana tokarawa. Wasu samari suka wuce mu kowa ya kwanta ruf da ciki a kan gorarsa yana tuƙi da hannu da ƙafa zasu je duba mamari. Tsuntsaye kuwa ban taɓa ganin irinsu da yawa haka ba, kirinjijiya garke garke suna tashi suna fito, ɗinya, zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, da wasu ƙanana da Baba yace baƙi ne, da sanyi kawai suke zuwa. Waɗannan ne masu tasowa daga Turai su tsallake sahara, saboda su ne ma aka sa dausayin Baturiya da ke nan kusa cikin jerin Ramsar, wato jerin muhimman dausayoyin duniya, a 2008.

Amma abin da ya fi komai yawa kachala ce. Ta fi mutum tsayi, ta tsaya kamar katanga dama da hagu, wani wajen hanyar da aka sare a cikinta iya faɗin jirgin ne kawai, ganyen yana shafar fuskarka. Baba yace duk nan da kake gani da buɗaɗɗen ruwa ne, yana saurayi taru suke ja a wajen. Yace da can ruwa zuwa yake da ƙarfinsa da damina ya malale ko'ina, kifi ya bi shi ya shiga ciyawa yayi ƙwai, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe ta tsage. Tunda aka tare shi a sama sai ya zama ana sako shi kaɗan kaɗan duk shekara, wani rafin baya bushewa sam, ita kuma kachala abin da take so kenan, ta toshe hanya, ruwan ya juya ya cinye gonakin wasu, wasu kuma ya daina zuwa musu gaba ɗaya. Ga jan baki da suke kwana a cikinta su wayi gari a kan shinkafar mutane.

Nan fa jikina yayi sanyi. Don saman da yake faɗa ai garinmu ne. Dam ɗin Tiga an gama ta a 1974 zamanin Audu Bako, tamu ta Challawa a 1992, ruwan biyun su suke haɗuwa su bi ta Wudil su gangaro Ringim har su iso inda muke zaune a cikin jirgin nan. Mu a can dam ɗin alheri muka sani, noman rani da kifi da ruwan sha, ban taɓa zama nayi tunanin wanda yake ƙarshen ruwan ba. Na gaya masa ni ɗan Karaye ne. Yace toh ai ruwanku muke sha, in ka koma ka gaida mutanen sama. Ba da faɗa ya faɗa ba ko kaɗan, ya ci gaba da tuƙinsa.

Muka fito wani fili da bado ya rufe gefensa, gonar shinkafa tana gangarowa har bakin ruwa. Na miƙe zan fara jifa yace zauna tukuna, fara bata tashi sai rana ta gasa mata fiffike. Muka zauna kusan awa ɗaya. Ya nuna min yadda ake gane kifi daga motsin ruwa, yace wancan kumfar da ta fito guda ɗaya tarwaɗa ce ta haɗiyi iska, wancan da ruwa yayi kamar an ja layi karfasa ce take kiwo a ƙasa, ita kawara in ta zo zaka ji kamar ana watsa tsakuwa. Wajen ƙarfe tara masu yankan shinkafa suka shigo gonar da lauje, fara ta fara tashi, iska tana kaɗo wasu cikin ruwa, sai ga shi kuwa, tas tas tas a gefen badon.

Jifana na farko zaren ya naɗe a kachalar da ke bayana, muka rasa fara ɗaya a nan. Baba ya juya jirgin yadda iska zata zo min ta bayan kafaɗar hagu, yace kar ka jefa a kansu, jefa sama dasu ka bar ruwa ya kai musu. Na uku ne ya kwanta daidai. Ina kallon ɗan gashin zabuwar nan yana tafiya a hankali yana juyawa, ya wuce ganyen bado ɗaya, ya wuce na biyu, sai ruwa ya tsage, wani abu fari ya fyaɗo ya ɗauke shi. Baba yace ɗaga! Sandar ta lanƙwashe har ina jin bugun kifin a cikin tafin hannuna. Kawara ce, bata fi tsawon tafin hannu da rabi ba, jikinta kamar sabuwar azurfa, wutsiyar da ɗan ja. Na kama kifi da yawa a rayuwata amma ban taɓa ganin lokacin da kifi ya ɗauki ƙugiyata da idona ba sai ranar.

Mun kama tara kafin azahar. Na gaya wa Baba su Turawa can yawanci sakinsa suke yi bayan sun kama, yace wanda ya ƙoshi kenan, amma ƙananan kam shi ma baya ɗauka, ya zaɓi uku ya mayar da hannunsa. Daga nan ya shiga faɗan masu zuwa da raga mai ƙananan ido, har da masu jan gidan sauro, suna kwashe 'ya'yan kifi tun basu kai ko'ina ba. A nan ne kaɗai naji muryarsa ta tashi duk yinin.

Muna shirin juyawa wani abu ya bugi farar da ƙarfi, kafin in ɗaga zaren ya dawo fayau babu ƙugiya, an yanke shi kamar da reza. Baba yace tsage ne, haƙoransa a waje suke. Nace masa a kogin Faro da ke arewacin Kamaru mutane suna tasowa daga Turai da Afirka ta Kudu da irin sandar nan takanas saboda tsage da giwan ruwa, kuma kowannensu sai ya biya ɗan jagora. Ina faɗa ina kallonsa, mutumin da ya san inda kifi zai taso awa ɗaya kafin ya taso, ya ɗaura fara da karan dawa a hasken tocilan, kuma da na miƙa masa ɗan abin da na tanada da yamma sai da abokina ya sa baki kafin ya karɓa, wai ai baƙo ba a karɓar masa kuɗi.

Kawarar shida matarsa ta soya mana da daddare, ƙaya gareta sosai amma akwai zaƙi. Fara biyun da suka rage na bar wa jikan ɗaya, ɗayar tana cikin akwatina tare da na Sikotilan. Washegari da zan hau babur Baba ya rako ni har bakin hanya yace in dawo wajen watan Fabrairu lokacin ruwa ya ƙara ja kifi ya taru a gurabe, kuma in nemo siririyar waya irin ta cikin kebur ɗin birkin keke in taho da ita, za mu ɗaura a gaban ƙugiyar saboda tsagen nan.